Bayan An Rushe Filin Maɗaci

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Ni Atiku Ɗangiwa na Tambuwal nika rubuta wanga, hankalina cikakke, babu wanda ya tilasta ni. Ciwon ƙirjin nan ya ƙi sauƙi, kuma na san jikina. Zuwa gare ku ɗiyana, Nu'umanu, Suhaibu da Raihanatu.

Na farko. Gida da gonar hanyar Jabo, ƙanena Malam Sirajo shi raba muku yadda shari'a ta tanada. Kada kowa ya ɗaga mai murya.

Na biyu. Ƙarfen ragar ƙwallon da ke jingine bayan rumbu ba na sayarwa ba ne. Shi kaɗai na samu na jawo daga cikin ɓaraguzan Filin Maɗaci. Kun san filin tun kuna ƙanana, amma ba kamar yadda na san shi ba. Nan na yi gola ina saurayi, nan na tsufa bisa dakalin siminti ina kallo. Ranar da za mu kara da Kebbe, kasuwa kan watse da wuri, mutanen Sanyinna da Dogon Daji su cika hanya. Mahaifiyarku Zahara'u, Allah shi jiƙan ta, kunun zaƙi take sayarwa bakin ƙofa, can na fara ganinta. Bara anka sayar da wurin, anka rushe dakalin, anka sare maɗacin, anka jera shaguna. Na bi ta nan bayan an gama, na nemi inda nika tsayawa tsaron raga, na iske mai sayar da tayoyi. Ban sake bi ba. Ƙarfen nan, ku kai ma matasan Kebbe. Sun sha cin mu mun sha cin su, kuma su filinsu na nan. Su kafa shi a ci gaba da buga mai ƙwallo.

Na uku. Raihanatu, ki riƙa leƙa Baba Tambaya. Shi ne makaɗin ƙungiyarmu. Tunda idonai ya tafi, filin ne kaɗai wurin da yake zuwa ba jagora, don ƙafarshi ta san hanya. Yanzu zaure yake wuni shi kaɗai. Ki kai mai fura, ki bar shi ya ba ki labarin wasannin da, ko kin taɓa ji.

Na fuɗu, kuma shi ne ya fi damuna. Nu'umanu, ka rantse ba ka sake cin abinci kwano ɗaya da ƙanenka, don shi ya tuƙa katafilar da ta rushe filin. Na san don ni ka yi fushin. To ka saurara. Suhaibu bai sayar da fili ba, aiki anka tura shi, da shi yake ciyar da iyalinshi. Ina tsaye a wurin ran nan. Da ya iso dakalin da nika zama, ya kashe injin ya sauko, ya durƙusa gabana cikin mutane, ya ce, "Baba, in ka ce in bari, na bari." Na ce ya koma ya ƙarasa. Ya koma yana share ido da hularshi. Rashin filin ya yi mani ciwo, amma zuwanku gaishe ni ɗaya bayan ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwanshi ya fita, ya fi shi ciwo. Ka yi kaffarar rantsuwarka. Ku biyun nika so ku shiga kabari ku karɓe ni, ba wasu ba.

Duk wanda na saɓa mawa cikin zafin kallo, ku roƙa mani gafararshi. Ni na yafe ma kowa.

Allah shi yi muku albarka, ku da ɗiyanku, shi ba ku masu jinƙan ku. Ku riƙe 'yar'uwarku, ku riƙe sallah. Ranar Juma'a ku taru gidan nan ku ci tuwo tare, ko ba ni.