Na hau rumbun Baba na ɗebi irin Kaka

Assalamu alaikum Tanti Tahira. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya kai shekara yana cina, ban da mijina babu wanda na iya faɗa wa. Kada ki sa sunana, don mutanen garinmu ko ba su karanta filin nan ba, ana karanta musu.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a nan Maraɗi, a Sabon Gari nake aure, amma asalina wani ƙauye ne bayan Tibiri. Mahaifina manomi ne, ya haura saba'in. Tun ina ƙarama shi mutanen garin ke jira kafin su yi shuka. Ba sarauta yake da ita ba, ba kuma duba yake yi ba, lura ce Allah ya ba shi. Yana kula da ranar da shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bakin masallaci, da ranar da iska ta juyo daga kudu, da lokacin da gawo ya fara zubar da ganye. In waɗannan suka haɗu sai ya ɗauki sungumi ya je ya yi binne, ya sa iri a busasshiyar ƙasa ya bar shi ya jira ruwa. Da an ga ya fita, kowa sai ya bi. Ina alfahari da shi sosai a lokacin, har faɗa nake yi da yara in sun ce babansu ma ya iya.

To akwai wani gero da muke ce wa irin Yalwa. Kakata Yalwa, mahaifiyar Baba, ita ta zo da shi daga gidansu lokacin da aka kawo ta. Zangarniyarsa doguwa ce, furarsa kuma tana da wani ƙanshi da ban taɓa ji a furar kasuwa ba. Kowace kaka tun ba a yi girbi ba Baba ke zagaya gona ya zaɓi zangarnun iri da hannunsa, ya ɗaure su goma-goma da kaba, da wani ƙulli nasa da babu wanda ya iya. Aibin geron ɗaya ne, yana son damina mai tsawo.

Ita kuwa damina kin san yadda ta koma. Shekara uku da suka wuce shamuwa ta zo, Baba ya yi binne, aka yi ɗan ruwa iri ya tsiro, sai sama ta ɗauke mako uku cur, tsiron ya ƙone. Ya sake shuka da ragowar, ruwa ya yanke tun gero bai gama cika ba. Shekarar da ta biyo kuma ruwan wata guda ya zubo cikin kwana biyu, Gulbi ya yi ambaliya ya cinye gangaren gonar. Abin da ya rage na irin Yalwa a duniya bai wuce dami ɗaya ba.

Ni abin nan ina koyar da shi a aji. Na zauna na yi wa Baba bayani, cewa hayaƙin masana'antu da motoci na manyan ƙasashe ne ya taru a sama yana riƙe zafi, shi ya rikita lokacin ruwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni wai ita shamuwa an gaya mata? Na roƙe shi ya jira sanarwar meteo, masu hasashen yanayi, a rediyo kafin ya yi binne. Ya ce shi bai san gonar Meteo ba, balle ya ga geron da ya noma. Na yi dariya a gabansa, amma a kan kabu-kabu na yi ta kuka har Maraɗi.

Ga laifin da na yi. A gidanmu mace ba ta hawa rumbu. Mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa ganin cikinsa ba, abin da Baba ya fito da shi, shi take dakawa. Bara da bazara, wata Juma'a da maza suka tafi masallaci, na jingina tsani, na ɗaga jinka, na shiga na ɗebi ƙulli shida, wajen kashi ɗaya cikin uku na irin.  Na naɗe su a zane na kawo ɗakina na sa a ƙarƙashin gado. Wallahi ba don ci na ɗauka ba, tsoro nake ji ya zuba shi duka a ƙasa a rasa.

Abin da na ji tsoro kuwa shi ya faru. Ya yi binne da duk abin da ya rage, aka yi yayyafi, ya tsiro, aka yi kwana ashirin da 'yan kai babu ɗigo, ya mutu. Waɗanda suka bi shi su ma suka yi asarar iri. Babu wanda ya gaya masa baƙar magana, mutanenmu suna da kunya, amma sun daina zuwa zaurensa. Ƙanensa, Baba Tanimu, wanda ke noman rani a Jiratawa, shi ya kawo masa iri mai saurin nuna ya sake shukawa, da shi aka ci tuwo bana. A gaban mutane Baba ya ce irin mahaifiyarsa ya ƙare a gonarsa. Yanzu ga bazara ta sake zagayowa, in wani ya tambaye shi labarin shamuwa sai ya ce a tambayi rediyo. Ya rataye sungumin a zaure, ya ce bana ba zai fita ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da Baba Tanimu ya gaya mini, shi ma bai san ni ce ba. Wai ranar da za a yi binnen Baba ya ƙirga ƙullin sau biyu, sannan ya ce tsufa ne, shi ya manta adadin. Bai zargi kowa ba. Mutumin da bai taɓa manta ranar da shamuwa ta sauka shekara talatin baya ba, ni na sa ya ɗora wa kansa mantuwa.

Har na fara tsoron ko da gaske hankalinsa ya fara taɓuwa. Duk zuwan da na yi sai ya tambaye ni ko ɗakina yana yoyo, ko akwai ɓera, ko gara ta shiga. Na ce masa gidan siminti ne Baba, amma zuwa na gaba sai ya sake tambaya. Watan jiya ma ya ba ni busasshen ganyen dogon yaro a leda, wai in sa cikin kayana.

Mijina Shamsu, mutum ne mai son a zauna lafiya, ya ce in kai masa in ce a hannun wata tsohuwa na samo a kasuwa. Ni kuma na rasa ta yi. In na faɗi gaskiya, na faɗa masa ke nan cewa na hau rumbunsa, kuma ban yarda da saninsa ba. In na mayar, ina tsoron shamuwa ta sauka ya sake binne shi a rasa gaba ɗaya. In na yi shiru kuma, tsoho ne, kada Allah ya ɗauke shi yana ganin shi ya kashe irin uwarsa. Ina son Babana, Tanti, ba ni da kamarsa. Yaya zan yi?

'Yar manomi, Sabon Gari, Maraɗi

Wa alaikumus salam 'yata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan fara da abin da ba za ki so ji ba. Kin yi laifi. Rumbun nasa ne, irin nasa ne, kuma dokar gidan kin san ta. Amma laifin da aka yi don tsoron asara daban yake da wanda aka yi don son kai, kuma da ba ki yi shi ba da yau babu ƙwayar irin Yalwa ko ɗaya. Ki riƙe duka biyun, kada ki jefar da ko ɗaya.

Shi ma Baba ya yi taurin kai, shekara uku ƙasa tana gaya masa abu ɗaya. Sai dai ki yi masa adalci. Saninsa ba ƙarya ba ne, da shi ya ciyar da ku har kika zama malama. Abin da kike koyarwa gaskiya ne: man fetur da gawayin ƙasa da aka daɗe ana ƙonawa, mafi yawa a ƙasashe masu arziki, su suka ɗumama duniya, sare itatuwa ya ƙara, ruwa ya daina zuwa a kan tsarin da aka saba. Tsohon da bai taɓa mallakar ko babur ba shi aka bari da asarar iri da zubewar girma. In za ki yi masa maganar nan kuma, kada ki yi ta kamar kina aji. Ki ce masa ba idonsa ne ya lalace ba, lokacin ne ya sauya. Wannan kalmar yake bukatar ji, daga bakinki kuma.

Shawarar Shamsu ki ajiye ta, ki gode masa. Ke da kanki kika ce babu wanda ya iya ƙullin Baba. Za ki miƙa wa mutum ɗaurin hannunsa ki ce na wata tsohuwa ne a kasuwa? Sai ki ƙara ƙarya a kan laifi, ki kuma raina masa hankali.

Shiru ma ba mafita ba ne. Iri ba zinariya ba ne da za a ɓoye shekara goma. Wanda ke ƙarƙashin gadonki ya riga ya tsallake damina ɗaya, kowane wata ƙarfinsa raguwa yake yi a zafin ɗakin siminti. In kika ci gaba da tsare shi daga Baba, a hannunki zai mutu.

Ki mayar da shi duka, ƙulli shida cif, ba tare da sharaɗi ba. Ki durƙusa ki faɗi abin da kika yi, ki nemi gafara, ki yi shiru. Ko ya yi faɗa ki bari ya gama. Bayan kwana biyu, in zuciya ta kwanta, ki je da Baba Tanimu, a matsayin masu roƙo. Ku roƙe shi a raba irin uku. Kashi ɗaya a kai Jiratawa inda ruwa ke hannu, a shuka a wani gefe nesa da wani gero don kada ya gauraya, shi Baba ya je ya zaɓi zangarnun da kansa. Kashi ɗaya a gonarsa, amma bayan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, shi ya tona ya ce ta yi. Na ukun ya koma rumbu saboda ko ta kwana. Abincin gida kuma a nema da iri mai saurin nuna, babu abin kunya a ciki. Zai iya ƙi, hakkinsa ne. Amma wanda ya ɗanɗana rashin abu shekara guda, da wuya ya sake zuba shi duka a rami ɗaya.

Kada kuma ki bar sungumin nan a rataye. Rediyo yana magana ne a kan jiha gaba ɗaya, bai san wane gefen gonarku ke riƙe laima ba, Baba ya sani. Ki sayi littafi, duk shekara ya gaya miki ranar da shamuwa ta sauka da ranar da iska ta juya, ke ki rubuta ranar da ruwan gaske ya zo da abin da meteo ta ce. Ki nuna masa cewa har yanzu akwai mai tambayarsa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na karanta wasiƙar sau biyu. Kin ce kina tsoron hankalinsa ya taɓu. 'Yata, ke 'yar manomi ce. Me yoyo da ɓera da gara suke ɓatawa? Me ake sa wa ganyen dogon yaro ban da tufafi, in ba hatsi ba? Mutumin da ke gane juyawar iska ba zai kasa gane sawun tsani a gindin rumbunsa ba. Ba zan rantse ba, amma ina kyautata zaton ya sani tun ranar da ya ƙirga sau biyu, ya zaɓi a ce ya tsufa da a ce 'yarsa ta hau rumbu. Ki lura kuma, cewa ya yi irin ya ƙare a gonarsa, bai ce ya ƙare a duniya ba. Shi kunya ta hana shi tambaya, ke tsoro ya hana ki faɗa, shekara guda kuna wahalar da juna.

Kada ki jira shamuwa ta riga ki zuwa. Juma'ar nan ki naɗe su a zanen da kika kawo su, ki isa kafin a sauko daga masallaci, ya tarar da ke a zaure da su a gabanki. Ya daɗe yana tambayar lafiyar ɗakinki, ki kai masa amsar ya gani da idonsa.

Allah ya sanyaya zuciyarsa a kanki, ya ji ƙan Yalwa da mahaifiyarki, ya ba mu damina mai albarka, ya sa ki sha furar irin nan daga hannun Babanki.

Tanti Tahira