Naira Gidana, Sefa Gidan Alkasum

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Ofishin Yawon Buɗe Ido, Jihar Damagaram, Zinder.

Daga: Hajja Kaltuma Bukar, mai Masaukin Gidan Bukar, unguwar Birni.

Rana: 18 ga Nuwamba, 2024.

Game da: Karya alkawarin rabon baƙi da shugaban Ƙungiyar Masu Masaukin Birni, Malam Alkasum Dodo, ya yi, da neman da yake yi a soke takardar izinina.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kukana. Ni ba mai yawo biro-biro ba ce, daga wannan ofis zuwa wancan, kuma tun da na gaji masaukin nan daga mahaifina ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Yau dole ce ta sa.

1. Kamar yadda mai girma ya sani, rabin baƙinmu daga Najeriya suke zuwa, masu ziyarar dangi da masu kallon tsofaffin gine-ginen Birni da masu sayen kayan fata. Tun daga tsakiyar shekarar 2023 naira ta yi ta faɗuwa, har kuɗin da ke kama wa mutum ɗaki kwana biyu ya koma bai isa kwana ɗaya ba. Ko da aka sake buɗe iyaka bayan rufe ta da aka yi, baƙon Kano sai ya tsaya wajen 'yan canji a Zango, ya ji farashi, ya rage kwanakinsa.

2. Saboda haka ranar 6 ga Afrilu, 2024, mu bakwai masu masauki muka taru a zauren gidana. Muka amince a ci gaba da yadda iyayenmu suke yi: baƙon da ya sauka a tasha ba shi da mai masauki, a kai shi gidan da layi ya zo kansa, bi da bi, ko wane kuɗi ya riƙo. Muka ƙara da cewa baƙon Najeriya za a karɓi nairarsa a yi masa sassauci, asarar ta ratsa kowa daidai. Malam Alkasum ne ya kawo wannan shawara, shi ne kuma ya ja Fatiha a kanta. Ni na dafa shayin da aka sha bayan buɗa baki.

3. Daga watan Mayu na lura duk wanda 'yan kabu-kabu suka sauke a ƙofata da naira yake zuwa. Na ɗauka rabo ne. Sai a watan Satumba wani baƙo daga Katsina ya tambaye ni, cikin mamaki, me ya sa a Damagaram ake tambayar mutum irin kuɗin da ke aljihunsa tun bai sauke jaka ba. Da na bincika, ashe Malam Alkasum ne ya tsara da masu baburan tasha. Mai sefa, irin mutanen Yamai da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, a wuce da shi gidansa. Mai naira kuwa a kawo wa Hajja, wai ita ba ta iya korar baƙo. Gaskiya ya faɗa, ban iya ba, kuma a gidanmu ya san haka, domin mahaifina ne ya koya masa sana'ar nan, shekara da shekaru yana cin tuwon gidanmu. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, ranka ya daɗe, fiye da asarar.

4. Na bi shi har gida sau biyu. Na farko aka ce yana barci. Na biyu ya bar ni tsaye a zaure, ya aiko a ce mini kasuwa ce ta canza.

5. A masaukina akwai wani dattijo, Alhaji Mustafa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa daga Kano, wanda kakanninsa mutanen Birni ne. Shekara shida ke nan da ya dawo don ya ƙarasa rayuwarsa a garin iyaye. Fanshonsa da naira yake zuwa. Da can yana biyan haya, ya ci abinci, har ya yi sadaka ranar Juma'a. Yanzu da kyar yake isar maganin hawan jininsa. Tun watan Yuni na daina karɓar hayarsa, bisa alkawarin da aka shafa wa Fatiha. Bai san ni na yafe masa ba, domin na ce masa ƙungiya ce ke biya.

6. Da ɗakunana suka cika da baƙin da ba riba, na kasa biyan kuɗin ƙungiya na wata huɗu. A kan haka ne Malam Alkasum ya rubuto wa ofishinku ranar 4 ga Nuwamba yana neman a soke izinina. Ya kuma aiko mini cewa in na fitar da dattijon, na ba mai sefa ɗakinsa, zai janye takardar. Mutumin da ya toshe mini hanyar samu shi ne yau yake ƙarata da rashin biya.

Don haka, cikin ladabi, ina roƙon mai girma ya dakatar da sa hannu a kan takardar Malam Alkasum har sai an ji ta bakina. Ina roƙon a kira sauran masu masauki biyar da suka ɗaga hannu a zaurena, da masu baburan tasha, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Ina kuma roƙon a maido da layin baƙi yadda yake. Bashin ƙungiya ban musa ba, zan biya da zarar layi ya dawo daidai.

In kuwa mai girma ya ga dacewar a rufe masaukin, hukuma ce, ba ni da ja. Sai dai ina neman alfarma guda: a turo ma'aikaci daga ofishinku ya shaida wa Alhaji Mustafa ya tattara kayansa. Ni dai bakina ba zai iya ba. Kullum da safe in na kai masa kunu, Alkasum yake fara sa wa albarka, don yana zaton shi, shugaban ƙungiya, ke biya masa ɗaki.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya, ya sa a gama lafiya.

Mai biyayya gare ku,

Hajja Kaltuma Bukar
Masaukin Gidan Bukar, Birni, Zinder