Motar Jilali Ta Daina Tsayawa a Ƙofata

Tagmut, farkon Oktoba

Zuwa ga ɗan'uwana kuma abokin karatuna, Si Mubarak,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Lalla Habiba da 'ya'ya da jikoki. Yaya gwiwar taka? Kana dai shafa mata man zaitun ɗin da na aiko, ko jikoki sun cinye shi da burodi? Ni kam alhamdu lillahi, ana lallaɓawa.

Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna ya soma rawa. Da malaminmu na aji uku zai ga yadda layukan nan suka karkace, da yau rula ta hau yatsuna. Waya kuwa ka san kunnena. Kai kana ihu, ni ina cewa na'am, mu rabu ba wanda ya fahimci wani.

Buƙata ce ta sa na rubuto. Ka tuna Jilali, direban bas ɗinmu, mai furfurar gemun nan da ya sauke ka a ƙofata ranar sadakar matata Zuhur, Allah ya jiƙanta. Shi ne ƙafata. Tun da likita ya ɗora ni a kan wankin ƙoda, Litinin da Alhamis, shi yake kai ni asibitin Azilal ya dawo da ni. Tashar ƙauye tana can sama wajen masallaci, ni kuma ka san gidana, a ƙasa, daidai inda hanya ta sha kwana ta zagaye dutse. A nan yake taka birki, ya danna hon, ya leƙo ta taga yana cewa, "Ammi Allal, baffana, ango, fito, amarya na jira!" Injin asibitin yake kira amarya. Da yamma kuma shi zai riƙo hannuna har bakin ƙofa, don in an cire ni daga injin nan jiri ba ya barina in tsaya da kaina.

To, makon jiya jandarmomi suka tsayar da shi a mararraba, suka duba katinsa na direban haya, ashe wa'adinsa ya wuce tun bazara. Ka san dokar: duk shekara biyar sai direban bas ko na babbar mota ya koma aji, a yi masa bita ta 'yan kwanaki, sannan a sabunta masa. Shi kuwa ya yi ta ɗagawa. In na yi masa magana sai ya ce, "Yaron da aka haifa bayan na fara hawan dutsen nan ne zai koya min riƙe sitiyari? Kuma in na tafi makaranta, wa zai kai ka wajen amarya?" Ga shi yanzu an ajiye motar. Mai ita ya nemi wani direban mai kati, amma duk wanda ya ji sunan hanyarmu sai uzuri ya taso masa.

Jilali ya je ya ba da sunansa a cibiyar horon da ke garinku, Bani Mallal, aka ce layi ya yi tsawo, sai bayan sabuwar shekara. Mubarak, jikina ba zai kai sabuwar shekara a haka ba. Ka daɗe kana aikin gwamnati a garin nan, ba za ka rasa wanda ka sani ba. Ba cewa na yi a ba shi kati bai zauna ajin ba, Allah ya kiyaye. A dai duba, in wani ya fasa zuwa, a sa shi a gurbinsa.

Na san abin da za ka ce, in rufe gida in zo in zauna a ɗakin bayan gidanka, kusa da asibiti. Na gode, amma ka bar wannan magana. A nan aka haife ni, kuma daga tagata ina hango inda Zuhur take kwance.

Ka gaishe min da mutanen gida duka.

Naka,
Allal

Tagmut, ƙarshen Oktoba

Ɗan'uwana Si Mubarak,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan sanyin da ya fara bai taɓa ku ba. Takardarka ta iso. Maƙwabciyata Mahjuba, wadda take gasa min burodi, ita ta karɓo ta a kanti. Na karanta, na sake karantawa, na yi kuka kamar yaro. Allah ya saka maka, ya saka wa tsohon abokin aikin naka da ya tuna da mu lokacin da gurbi ya samu. Farkon Nuwamba ba nisa, in Allah ya kai mu.

Ka tambayi yadda nake zuwa asibiti. Ran Alhamis da sauƙi, don ranar kasuwa ce, akwai wata ƙaramar mota da take hawowa, a cusa ni tsakanin buhunan sha'ir da tumaki. Litinin ce matsalar. Sau ɗaya Mahjuba ta aro min alfadari in sauka mararraba, ban kai rabin hanya ba na zame na faɗi, har yanzu haƙarƙarina yana tuna min. Tun daga nan Litinin take wuce ni.

Ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. In na danna yatsa a ƙaurina sai ramin ya zauna kamar a ƙullun burodi. Ba na iya kwanciya miƙe, numfashi yana tsaya min a wuya, sai dai in jingina da bango. Ruwa da cokali nake sha. Shayin da ka san ba na wasa da shi, yanzu sai dai in dafa in shaƙi ƙamshin na'ana'a in zubar. Malamar asibiti ta yi min faɗa har ta gaji, ta ce, "Ammi, injin nan ba kuskus ɗin Juma'a ba ne da za a ci sau ɗaya a mako." Na ce mata ta gaya wa dutse.

Abin da ya fi damuna ba ciwon ba ne. Shirun ne. Da ko ranar da ba ni da asibiti, hon ɗin Jilali yana gaya min cewa wani ya tuna akwai mutum a gidan nan. Yanzu ba abin da yake wucewa sai manyan motocin da suke kwasar tsakuwa daga sabuwar mahaƙar da aka buɗe a sama. Su kuwa ba su san ni ba, sai dai su girgiza min kwanoni.

Jiya Jilali ya zo min da busasshen ɓaure, ya manta an hana ni, ya zauna ya cinye abinsa. Tsoro yake ji, ka ji mutum. Wai bai taɓa zama a kujerar da ba ta tafiya ba. Ya ce, "In malamin ya ce in fito allo, wallahi cewa zan yi birki ya kama." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na ce ya je ya zauna ya buɗe kunne, ya dawo min da wuri.

Ka ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗan'uwanka,
Allal

Tagmut, tsakiyar Nuwamba

Si Mubarak,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka gafarce ni in gaisuwar ta yi gajarta, raina ne a ɓace.

Jilali ya dawo da sabon kati. Ran Lahadi ya aiko Mahjuba ta gaya min cewa daga gobe a bakin maɓuɓɓuga zai riƙa tsayawa, can ƙasa inda hanya ta miƙe ta yi faɗi. Na yi dariya, na ɗauka irin tsokanarsa ce. Da safe na sa jallabiyata mai kauri, na ɗauki bargo da sanda, na tsaya a ƙofa. Na ji kukan motar tun daga sama, zuciyata ta yi fari. Ta sha kwanar, ta rage gudu, na ɗaga sanda, ta wuce ni. Na ga ƙeyarsa, Mubarak. Ko juyowa bai yi ba.

Can ƙasa ya tsaya ya yi ta danna hon. Ka san gangaren nan, ka san duwatsunsa. Mai lafiya ba zai ɗauke shi komai ba, ni kuwa tamkar a ce min in taka zuwa Makka ne. Na koma ciki na rufe ƙofa. Ya yi ta dannawa har ya gaji ya tafi. Wata Litinin ɗin ta sake wuce ni, wannan karon ga mota ga direba.

Da la'asar ya zo a ƙafa. Na ƙi ba shi hannu. Na ce, ni na yi roƙo aka sama maka kujera, ashe makarantar koyon wuce tsofaffi aka kai ka. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba. Ya tsuguna a bakin murhu, ya bar ni na gama, sannan ya yi magana, ba wasa a muryarsa ko kaɗan.

Ya ce a aji malamin ya zana kwana a allo, ya nuna musu irin tazarar da babbar mota mai lodi take ci a gangare kafin birki ya tsayar da ita. Shi duk wannan bai dame shi ba, yana ta gyangyaɗi. Sai wani direba daga kudu, wanda suke zama kujera ɗaya, ya miƙe ya ce shi ya san wannan zane. Ya taɓa tsayawa a irin wurin don ɗaukar wata tsohuwa da ya saba ɗauka, babbar mota ta fito daga bayan dutse ta haye bayan bas ɗinsa. Waɗanda suke kujerun baya 'yan makaranta ne. Jilali ya ce mutumin bai ƙarasa labarin ba ya fita waje.

Sai Jilali ya dube ni ya ce, "Ammi, su wa suke zama a bayan motata da safe?" Ai na san su. 'Yan matan ƙauyenmu ne masu zuwa sakandare, har da jikar Mahjuba. Ya ce, "Da hanyar tamu ce mu kaɗai. Yanzu motocin tsakuwa suna saukowa kamar an koro su. Shekarun nan duk Allah ne yake rufa mana asiri, ni da kai. Ka zage ni, ka la'ance ni, amma ba zan ƙara tsayawa a kwanar nan ba."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiya ya faɗa. Da ƙarya ce da na samu abin riƙewa. Na zauna a taga na lura, in motar tsakuwa ta fito daga bayan dutsen, ba ta ganin ƙofata sai ta zo kanta.

To ni yaya zan yi? Ran Alhamis ƙaramar motar kasuwa ma ta daina hawowa tunda bas ya dawo. Numfashina yau ya fi na jiya nauyi. Ban san me nake roƙonka ba a wannan karon. Na dai rasa wanda zan gaya wa.

Allal

Tagmut, ƙarshen Nuwamba

Ɗan'uwana, abokina Si Mubarak,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Lalla Habiba, ina yi mata godiyar safar ulun da ta saƙa min. Ta shiga, don kumburin ya sauka. Kada ka tayar da hankalinka kan takardata ta baya, tun daga ranar ban ƙara rasa asibiti ba. Bari ka ji yadda aka yi.

Ran Alhamis ɗin na ji motar ta wuce, na ji ta tsaya a ƙasa, ba hon. Jim kaɗan aka buga ƙofa. Jilali ne, yana haki. Ya kashe mota, ya sa dutse a bayan taya, ya bar fasinja ya hawo. Ya juya min baya ya durƙusa ya ce, "Hau, ango. A ajin ba su hana goyo ba." Na ce ni ba jariri ba ne. Ya ce, "Jariri ya fi ka nauyi, hau kada a ci ni tara." Na hau. Da muka iso, mahaucin ƙauye ya leƙo ta taga yana cewa, "Jilali, wannan kayan nawa ne kuɗinsa, ko a saman mota za a ɗaure shi?" Kowa ya yi dariya, har da ni, ina ɓoye fuska a wuyan rigarsa.

Haka muka yi ta yi. Saukowa da safe ba laifi. Hawowa da yamma ne aiki, lokacin da jikina ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma, ba na ko iya riƙe wuyansa da kyau. Jilali ba yaro ba ne, ya ba hamsin baya da nisa, ga taba ta cinye masa ƙirji. Kunnena da ba ya jin waya, in na kwantar da shi a bayansa yana jin yadda numfashinsa yake kuka.

Litinin ɗin nan an yi ruwa. Muna tsakiyar hawa ƙafarsa ta zame, ya zube a kan gwiwoyinsa. Bai sake ni ba. Ya daɗe a durƙushe cikin taɓo, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya yana tallafe da ni, yana neman iska. Da ya ajiye ni a ƙofa sai ya ce, "Ka ƙara ƙiba, Ammi, amarya na kula da kai." Amma leɓensa ya yi fari. Na tsaya ina kallonsa yana gangarawa yana ɗingishi, ya shiga mota cike da mutane, ya kama sitiyari a wannan hali, ya hau da su dutse ta gefen rami. Ban iya shiga gida ba sai da na daina jin kukan injin.

Ya ƙi tsayawa a kwana don kada a kashe yaran mutane saboda ni. To ga shi ina neman kashe su ta wata hanyar. Kuma dusar ƙanƙara ba ta ma fara ba.

Mubarak, in ɗakin bayan gidan naka yana nan, ina so. Ka yi wa asibitin garinku magana su karɓe ni, malamar asibitin nan ta ce za ta aika musu da bayanina. Mahjuba za ta riƙe min kajina da mabuɗi. Jiya ta riƙe ni na je na yi wa Zuhur sallama, na gaya mata ba da son raina ba ne. Ba ni da kaya da yawa, barguna ne da butar shayi da 'yan littattafai.

Na gaya wa Jilali cewa sanyi ne ya kore ni, likita ya ce in sauka inda ya fi ɗumi. In kun haɗu kada ka faɗa masa wani abu daban. Ya yi fushi, ya ce na ci amanarsa bayan ya sha zaman aji saboda ni.

Ka turo ɗanka da mota ran Asabar in ya samu dama. Ka ja masa kunne, kada ya tsaya a ƙofata ko da ya gan ni a tsaye. Ya wuce bakin maɓuɓɓuga ya jira. Zan fara saukowa da wuri, ina hutawa a kan duwatsu, zan iso.

Sai na zo.

Ɗan'uwanka har kullum,
Allal