Kaset Mai Karyayyen Kunne

Doguwa,
Ranar Asabar.

Zuwa ga maiɗakina Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda nake. Yaya mai jego Rumaisa, yaya kuma sabon mijin naki da ya ƙwace min ke tun yana kwana uku a duniya? Ki gaya masa aro na ba shi, ranar arba'in zan zo Ƙafin Maiyaki in karɓi abata.

Na ba Bala direba wannan takarda ne don kin san wayar ƙauyen nan. Sai mutum ya hau tudun bayan makaranta ya yi ta ihu, kafin ya sauko kowa ya san cikinsa.

Zuwaira, raina a ɓace yake. Ƙanena Isa ya samo mai sayen filin bakin rafi, inda rugar su Surajo take, kuma ya ce su tashi kafin ruwa ya sauka. Na gaya masa marigayi Baba kyauta ya ba Baffa Mamman, mahaifin Surajo, a gabana aka yi. Ya ce shi a lokacin shekararsa shida, ba takarda, kuma shaidata ba za ta karɓu ba tunda nono ɗaya muka sha da Surajo. Wannan kam gaskiyarsa ce. Da Inna ta kwanta ciwo bayan haihuwata, Inna Baturiya, mahaifiyar Surajo, ita ta shayar da ni wata bakwai, kuma saboda haka ne ma Baba ya yi kyautar. Yanzu tsohuwar ta kusa tamanin, a ce ta kwashe ƙwaryarta ta nufi ina? Dagaci ya sa mana ranar Alhamis ta sama. In ban kawo hujja ba, sun tashi ke nan.

Jiya ina shirin sallar la'asar abin ya faɗo min. Kin tuna kaset ɗin da na haɗa miki muna saurayi da budurwa? Na san kin tuna, tunda shekara talatin da ɗaya kina yi min gori da shi. Yaran yanzu ba su san wahalar so ba, a minti ɗaya an tura musu waƙa dubu a memori. Ni mako uku na yi ina bin abokai aron kaset-kaset. Na sayo emti, kaset marar komai a ciki, guda ɗaya tak, har yau ina jin ƙamshin ledarsa. Na aro rikodar abokina Mujitaba, na haɗa ta baki da baki da ta Baba a kan tabarmar zaure, ɗaya tana waƙa, ɗaya tana ɗauka. Na kori kaji, na riƙe tari, yatsana a kan jan maɓalli kamar mai jiran tsuntsu ya shiga tarko.

Ina tsakiyar waƙa ta biyar Baba ya yi sallama, shi da Baffa Mamman, sun dawo daga zagayen filin. Ya daka min tsawa in kashe abin nan in saurara. Na kashe mai waƙar, na manta da mai ɗauka. Washegari na kai miki kaset ɗin ina taƙama, ban ko saurare shi ba. Tun daga ranar kike cewa ke kaɗai ce budurwar da aka yi wa toshi da iyakar gona. Sau nawa na so in goge wurin in ɗora waƙa, kika sa tsinken tsifa kika karya ɗan kunnen nan na saman kaset, yadda jan maɓalli ba zai ƙara dannuwa a kansa ba. Na yi fushi kwana biyu, ke kina dariya.

Don Allah ki gaya min yana nan, kuma a ina. Na duba ko'ina, har na zubar miki da daddawa, ki yafe ni. Ki ba Bala amsa gobe.

Ki gaida surukinmu da mutanen gidan. Ki huta lafiya.

Naki,
Shitu.

Doguwa,
Ranar Talata.

Zuwa ga Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mai jego da ta abokin takarata. Takardarki ta iso, kuma layi uku na gori da kika fara da su na karanta, na haɗiye.

Na same shi inda kika ce, a ƙasan adaka, naɗe cikin ɗankwalin lefenki. Da na ga rubutuna da jan biro, sunayen waƙoƙi a jere da zanen fure a gefe, sai da na zauna a bakin gado. Ashe na taɓa yin kyawun hannu haka.

Yanzu ki shirya jin ɓarna. Zaren ya manne saboda daɗewa. Na zura biro a ramin ina juyawa yadda muka saba, ya cije, ni kuma maimakon in lallaɓa sai na sa ƙarfi. Ya tsinke, Zuwaira. Wallahi sai na ji kamar a cikina ya tsinke. Shekara talatin da ɗaya kina tsaronsa daga gara da ɓera, ni ko rabin sa'a bai yi a hannuna ba.

Da sassafe na hau mota zuwa Tudun Wada wajen Sagir. Kin san shi, mai shagon kaset na da, yanzu cajin waya yake yi da tura wa yara waƙa. Da na ajiye masa abin a tebur sai ya cire tabarau ya gaida shi kamar baƙo daga Makka. Ya kwance ƙananan kusoshin nan biyar, ya buɗe cikin, ya ce in je in sayo jan farce. Haka na ratsa kasuwa da furfurata ina tambayar 'yan koli jan farce, wani har yana tambayata wace kala amarya ta fi so. Sagir ya ɗiga kaɗan ya haɗa bakin zaren biyu, muka zauna muna hura masa iska. Ya kuma zaƙulo wata tsohuwar rikoda a ƙarƙashin tarkace, ya sa mata sabuwar roba, ta tashi.

Amma ga sharaɗin da ya kafa min. Zaren ya yi laushi, wataƙila sau ɗaya kawai zai iya zagayawa. Ba gwaji, ba turawa gaba, ba mayarwa baya, daga farko za a kunna a bar shi ya tafi da kansa. Na so mu kunna a shagon mu ɗauka a waya, sai na tuna Isa ya riga ya ce yanzu waya tana iya ƙirƙiro muryar kowa. Dole daga cikin kaset ɗin za a ji, kowa yana kallo.

Kin gane abin da hakan ke nufi? Kafin a kai ga Baba, sai an wuce ta kaina. Kin san abin da na faɗa a farkon kaset ɗin nan da bakina. A gaban dagaci, da liman, da iyayen yaran da nake koyarwa. Na yi tunanin in fasa, ba zan ɓoye miki ba. Sai na tuna wace ce za ta kwashe ƙwarya, na ji kunyar kaina. Ban ma sani ba ko muryar Baba tana nan ko ta goge. Ki taya ni da addu'a.

Naki,
Shitu.

Doguwa,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Zuwaira, sarauniyar masu ajiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da Rumaisa da yaron. Ni kam lafiyata ta fi ta kullum. Zuwaira, mun yi nasara! Su Surajo suna nan daram a bakin rafi.

Ranar Alhamis da hantsi muka taru a gindin darbejiyar ƙofar dagaci. Na ɗora rikoda a kan turmi, na loda mata sabbin batura, Surajo ya ajiye wayarsa a gefe tana ɗauka. Na yi bisimilla na danna. Sai ga wata siririyar murya kamar ta ɗan zakara tana sanar da duniya cewa wannan kaset daga Shitu ne na Zuwaira, wanda tuwo ba ya shiga cikinsa sai ya ga hasken goshinta. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Dagaci ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na kafa wa turmin ido, gumi yana bin bayana har cikin wando.

Waƙa huɗu muka sha a haka. Abin mamaki, kafin a gama ta biyu tsofaffin nan sun manta da ni. Na ga ƙafar Mujitaba tana bin kiɗa, wani ya ce rabonsa da jin wannan tun ana zuwa zance da fitila. Da aka zo wurin jan farcen, kiɗan ya shaƙe ya yi wani gurnani. Sai ya wuce.

Ana cikin ta biyar muka ji sallamar Baba, da tarin nan nasa, da tsawar da ya yi min. Waƙa ta ɗauke. Wurin ya yi tsit, har kukan kazar gidanmu ta wancan zamani muna ji. Baba ya ce in zama shaida, daga tsamiya zuwa rafi ya ba Mamman kyauta har abada, shi da 'ya'yansa, don Allah da kuma nonon da na sha. Ya ce in gaya wa ƙannena in sun yi wayo, kada wani ya tashe su bayan ransa. Aka ji Baffa Mamman yana godiya, rabi da Hausa rabi da Fillanci.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Amma Isa ya fi ni. Ashe yaron nan ya manta muryar Baba gaba ɗaya, tunda yana ɗan shekara bakwai aka yi rasuwar, ni ban taɓa tunanin haka ba. Ya matso ya durƙusa gaban turmin kamar mai gaida mutum. Da kaset ya kai ƙarshe ya kashe kansa, Isa ya tashi ya kama hannun Surajo ya nemi gafara, ya ce a rubuta takarda yanzun nan, shi zai fara sa hannu. Aka rubuta, liman ya yi addu'a. Daga baya Isa ya zo ya roƙi a tura masa muryar a wayarsa, shi da ya ce ba a yarda da waya.

Inna Baturiya ta aiko miki da man shanu, ta ce ke ce 'yarta, ni sakarai ne kawai da ta shayar. Yara kuma sun fara kirana Malam Hasken Goshi a bayan idona. Su yi ta yi, ban taɓa jin daɗin kunya irin wannan ba.

Na yarda, ke kika yi daidai ranar da kika karya kunnen nan, kuma na janye fushin kwana biyun da na yi.

Ranar da na je Tudun Wada Sagir ya ba ni wani emti guda, na ƙarshe a shagonsa, yana cikin ledarsa. Kwana uku ke nan ina rufe zaure bayan la'asar, na aro tsofaffin kaset ɗin Mujitaba da rikodarsa, ina korar kaji. Ga shi nan Bala zai kawo miki tare da rikodar Sagir. Na yi magana a farkonsa, don haka kada ki kunna a gaban suruki. Wannan karon na saurare shi daga farko har ƙarshe, ba iyakar gona a ciki. Kunnen kuwa ban taɓa shi ba, na bar miki ki karya da hannunki.

Naki har kullum,
Shitu na Zuwaira.