Ki Kira Ta da Sunanta

Barunde, Gombe,
14 ga Satumba.

Zuwa ga Addata Fatimatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Hamma Yuguda da yara a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Dada, tsohuwarmu, ta samu sauƙin ƙafarta, har ta je suna a unguwar Arawa ranar Asabar. Ruwa kuwa bana ya wadata, kwatamin bayan gidanmu ya cika, sauro ya yi mana yawa. Na zaɓi in rubuto in ba Bamanga, da zai taso Fatakwal gobe, ya kawo miki hannu da hannu, domin sau uku ina ɗaukar waya in kira ki, bakina yana kasa faɗa.

Maganar Lailatu ce, Adda, 'yarki da ke hannuna. Kada gabanki ya faɗi, tana nan da ranta da lafiyarta, amma ni tsoro ya kama ni. Tun farkon damina nake ganin cizon sauro a hannuwanta, alhali ni da kaina na ɗaura mata sabon gidan sauro. Wata safiya na shiga ɗakinta na tarar an naɗe shi tsaf an tura ƙarƙashin katifa. Na yi mata faɗa, ta ba ni haƙuri, na ɗauka zafi ne ya dame ta. Sai Madam Theodora, nas ɗin makarantarmu, ta ja ni gefe ta ce sau huɗu yarinyar nan tana zuwa a gwada jininta, kuma duk lokacin da aka ce babu zazzaɓi sai fuskarta ta ɓaci kamar wadda ta faɗi jarrabawa.

Ranar Talatar da ta wuce muka je Tumfure duba wata ɗalibata. Da mai keke ya tsaya, Lailatu ta sauka ta ɓangaren titi, ta taka zuwa tsakiya ta tsaya, ga tifar yashi tana gangarowa. Na ga ta ga motar, Adda, da idona na gani. Direban ya taka birki har ƙaurin taya ya tashi, mutane suka yi ta salati. Ita kuwa ko gezau.

Washegari da la'asar muna tsinke zogale na lallaɓa ta har ta yi magana. Ta rantse mini ba mutuwa take nema ba, ta ce ita dai so ta yi motar ta ɗan taɓa ta, ko ƙafa ce ta karye, a kwantar da ita asibiti. Na tambaye ta me za ta samu a asibiti. Ta daɗe tana murza ganye kafin ta ce in tuna shekara uku da suka wuce, da taifot ya kwantar da ita kika taho kika yi kwana goma sha biyu a gefen gadonta. Ta ce ranar da jikin ya tsananta kin ɗora kanta a cinyarki kin kira sunanta sau uku, ta ƙirga. Da ta warke kuma sai kika koma ce mata 'yar Na'ima, kina kawar da kai in ta shigo. Ta ce a duk rayuwarta ba ta da kwanakin da suka kai waɗannan daɗi, kuma bayan kowace salla tana roƙon Allah ya mayar mata da ciwon. Ta ce in yafe mata, ta san ni Yafendonta, ƙanwar uwarta, ban rage ta da komai ba.

Ba laifi nake ɗora miki ba. Kunyar 'yar fari kika yi kamar yadda aka koya mana, kika ba ni ita tana shekara biyu, ba ki taɓa tambayata me na ba ta me na hana ta ba, kowa ya yaba miki. Idan akwai mai laifi ni ce. Shekara goma sha ɗaya ina aikin ba ɗalibai shawara, na ga yaran da ke fatan masifa ta same su. Akwai wadda ta gaji da zama ta ɗaya a aji har take addu'ar ta faɗi a huta da sa mata ido, akwai wadda ta yi wani kuskure take jin sai an hukunta ta za ta samu natsuwa. Amma mafi yawansu ciwon da ke ransu ba ya ganuwa, shi ya sa suke son wanda za a ɗaure da bandeji, a zo dubiya. Ina faɗa wa iyaye haka kullum, ga shi a ɗakina ban gani ba, ina ta alfahari wai Lailatu ba ta da matsala. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, ita karayar ƙafa ta ƙiyasta, mota kuwa ba ta san iyakar da yarinya ta yanka mata ba.

Na daina barinta ta hau titi ita kaɗai, kuma Madam Theodora ta haɗa mu da wata likita mai duba damuwar yara, za mu je ranar Litinin. Wannan nawa ne. Naki kuwa ba wanda zai iya yi miki. Adda, ke ma 'yar fari ce. Ke kika ba ni labarin ranar da naƙudar Lailatu ta zo miki da gardama, Dada ta manta da kunya ta riƙe fuskarki tana cewa Fatimatu, Fatimatu. Kin ce mini har yau kina jin muryar. Shekara goma sha biyar ke nan, kuma ba ta sake ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan miƙa mata wayata. Ba sai kin yi doguwar magana ba. Ki kira ta da sunanta tana tsaye da ƙafafunta, lafiyarta lau, ta san ba sai ta kwanta ba. In ya yi miki nauyi, ki rufe ƙofa ki gwada faɗarsa ke kaɗai tun yanzu, akwai sauran kwana biyar.

Ki gaishe mini da Hamma Yuguda, da Suhaibu, da Amatullah, da auta Nabil. Dada tana gaishe ku. Na karanta mata wannan takarda kafin in rufe, sai ta ce in rubuta cewa tana gaida Fatimatu. Haka ta faɗa, da bakinta.

Taki ƙanwa mai jiran Juma'a,
Na'ima.