Inna, Ƙafar Baba Tana Ɗaurewa Da Dare

Inna,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma, miƙa wa wani za ki yi ya karanta maki, kina gyaɗa kai kina tsinke zogale. Amma na rasa wanda zan gaya wa, ga gajiya har cikin ƙashi, shi ya sa na zauna a ɗakinki na ɗauki biro.

Gida lafiya. Jikarki Ummi ta shiga aji uku, har yanzu in an dafa ɗanwake sai ta ce ba irin naki ba ne. Matar ƙanena Kabiru ta sauka a Kaduna, mace aka samu, an mayar da sunanki. Zafi bana ya yi yawa a Katsina, wuta kuma sai a yini a kwana ba a gan ta ba.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto.

Tun da kika tafi ya daina zuwa Babbar Kasuwa. Ya bar wa abokin cinikinshi rumfar yadin ya dawo zaure ya zauna. Mutumin da ya saba tsayuwa yana auna yadi tun hantsi har la'asar, yanzu daga tabarma sai masallaci. In na zo daga gidana a Kambarawa na gaishe shi, sai ya ce lafiya lau, ya kau da kai. Kin san yadda muke da shi. Ni ce ta fari, bai taɓa kallon idona ya yi mani doguwar magana ba, kamar yadda ke ma ba ki taɓa kama sunana ba.

Wata safiya ina shirin tafiya makarantar da nake koyarwa, sai Malam Iro maƙwabcinku ya kira ni a waya. Ya ce ba su ga Baba a sallar asuba ba, sun yi ta sallama shiru, da suka tura ƙofa suka same shi a ƙasa, goshi ya fashe, jini ya bushe a girarshi. Na tari ɗan acaɓa. Har yau ban san yadda muka iso gidanku a Ƙofar Guga ba.

Ashe ƙafa ce. Cikin dare jijiyar sharaɓarshi ta ɗaure, naman bayan ƙwaurin ya dunƙule ya yi tauri, yatsun suka lanƙwashe. Ya yunƙura zai tashi a duhu, ƙafar ta ƙi ɗaukarshi, ya faɗi ya bugu da bakin gado. Ina ji yana gaya wa Malam Iro, ba ni ba, cewa ai abin ya daɗe, shekara da shekaru, sai dai a da akwai mai tashi.

Inna, me ya sa ba ki taɓa faɗa mana ba? Ashe hammar nan da kike yi da safe kina dama koko, muna tsokanarki da son barci, daga nan take?

Na ce ya dawo gidanmu. Abban Ummi da kanshi ya zo ya durƙusa ya roƙe shi. Baba ya ce shi ba zai kwana gidan suruki ba alhali yana da ɗakinshi. Kabiru ya yi ta waya yana cewa a samo mai kwana da shi, Baba ya ce a gaya wa Kabiru shi ba jinjiri ba ne. Ƙarshe ni na kwaso kayana, ni da Ummi, muka dawo ɗakinki.

Daren farko na jiyo nishi ta bango. Na shiga da hasken waya, na same shi ya damƙe zanen gado yana salati ƙasa-ƙasa. Na miƙa hannu, ya janye ƙafar, ya ce in je in kwanta. Na tsaya bakin ƙofa ina kallo har ta sake shi don kanta. Mun daɗe muna haka. Ki duba fa, Inna. Ina tsaye da hannuna biyu lafiyayyu, ubana yana murƙususu, kunya ta hana shi, ta hana ni.

Da ƙyar ya yarda muka je asibiti. Likitar matashiya ce mai haƙuri. Ta duba ƙafar ta ce ba kumburi, ba zafi a fatar, wannan ya kwantar mata da hankali, amma duk ranar da muka ga ɗaya daga ciki mu dawo da shi nan take. Ta sa aka ɗebi jini. Sai ta tambaye shi yadda yake shan ruwa. A nan na ji abin da ban sani ba. Daga azahar yake daina sha, a wannan zafin, wai don kada fitsari ya tashe shi da dare. Maganin hawan jininshi kuwa mai sa fitsari ne, kuma tun da babu ke mai miƙa mashi da safe, sai da yamma yake tunawa da shi. Ta ce a mayar da maganin safe, ya riƙa shan ruwa sosai da rana, ya rage in dare ya yi. Ta ce yawan zama wuri ɗaya ma yana jawo abin. Ta hana mu sayen ƙwaya a kemis da ka. Sannan ta tashi ta dafa bango, ta nuna mashi yadda zai mayar da ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, ya karkata gaba har ya ji sharaɓar ta miƙe, kullum kafin ya kwanta. Baba ya kalle ta, ya kalli bangon, ya ce to.

Ba ya yi in ina wurin. Amma rannan bayan isha'i na wuce ta taga, na hango shi ya dafa bangon ɗaki kamar zai ture shi. Na danne dariyar har na koma ɗaki, daga dariyar kuma sai kuka.

Akwai daren da jijiyar ta kama shi ƙafa biyu a tare. Ranar ce ya kira ni. Ya ce ke, zo ki kama. Da na durƙusa ban san ta inda zan fara ba, shi ya riƙa gaya mani yana cije baki: in tallabi dunduniya da hannun hagu, in tura yatsun sama wajen ƙwauri da na dama, kada in bar gwiwa ta lanƙwashe, in riƙe ko da ya ce in saki. Na riƙe har na ji naman ya yi laushi a hannuna. Ya ce in kawo ruwan ɗumi da tsumma in gasa, in shafa man kaɗanya daga ƙasa zuwa sama, sannan in ba shi kafaɗa ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Da ya zauna sai ya ce haka kike yi mashi.

Ƙafar Baba ba ta da nauyi yanzu, Inna. Kin san haka?

Na gaji, ba zan ɓoye maki ba. Ko daren da ba ta tashe shi ba, kunnena yana bango. Rannan na yi gyangyaɗi a aji da alli a hannuna, yara suka yi tsit suna kallona. Abban Ummi yana can shi kaɗai yana cin abincin saye. Bai taɓa ƙorafi ba, kuma shirun nashi ya fi damuna. Wani lokaci ina jin haushin Kabiru da wayoyinshi, wani lokaci na Baba da taurin kanshi, sai in yi istigfari in tashi in ɗora ruwa.

Amma an samu sauƙi. Gorar ruwa na ajiye mashi kusa da tabarma, in na dawo daga makaranta in duba inda ta tsaya. Bayan la'asar Malam Iro yana jan shi su taka har bakin titi su dawo. Ya daina cusa bakin mayafi ƙarƙashin katifa, saboda likitar ta ce yana danne yatsu. Ya ajiye tsohon rawaninshi a gefen filo, in ta fara sai ya saƙala shi a tafin ƙafa ya ja da kanshi. Ba ta daina ba, an ce da shekaru sai dai a lallaɓa, amma yanzu sai a daɗe ba ta zo ba. Ya ce ya isa haka, in koma ɗakina. Ranar Juma'a zan koma. Malam Iro zai riƙe makulli ɗaya, waya kuma na ce ta kwana kusa da kanshi. Zai kira ni in ta kama shi? Ke da kika san shi, zai kira?

Jiya ina shafa mashi man, sai ya yi magana yana kallon rufin ɗaki. Ya ce ke ma jijiyar tana kama ki a shekarunki na ƙarshe. Ya ce sai ki sulale ki fita tsakar gida, ki dafa turmi ki tsaya har ta sake ki. Sau ɗaya ya bi ki zai kama maki, kika ce ya koma ya kwanta, gobe akwai kasuwa. Daga nan in ya ji kin fita, sai ya kwanta ido biyu har ki dawo.

Ni kuwa ban taɓa riƙe ƙafarki ba sai ranar da muka yi maki wanka. Na tuna faso a dunduniyarki, na tuna na daɗe ban saki ba har Gwaggo ta taɓa kafaɗata. Da kin kira ni ko sau ɗaya, Inna, da na zo. Ina sonki, kuma ban taɓa samun bakin faɗa maki ba.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yafe maki, ya haɗa mu a Aljanna. Ki huta, babu mai tashinki.

Ɗiyarki,
Rabi