Isuhu Ya Karɓe Lambun Barsim

Makka, daren Talata, Safar 1369

Shekara uku ina shuka barsim, wato ciyawar dabbobi, a lambun nan na unguwar Zahir. Lokacin da na karɓe shi, ƙasar ta mutu murus. Barsim ɗin ne ya farfaɗo da ita, jakunan unguwa ma suka samu abinci. Yau mai lambun ya ce mini, "Ya Hajji, Isuhu zan ba, kankana zai shuka."

Isuhu fa, wanda muka tako tare tun daga Kano, ni na koya masa ban ruwa. Na same shi a bakin rijiya, na ce, "Ɗan'uwa, tun yaushe kuka shirya wannan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tun azumi."

Azumin nan kuwa kullum a gidana yake buɗa-baki, kwanonmu ɗaya.